Na Je Abuja Neman Waɗanda Suka Rufe Hanyar Maraɗi

Ranar da na gaya wa Inna zan tafi Abuja saboda binciken karatuna, tana tankaɗe a tsakar gida. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Can ne gidan waɗanda suka rufe mana hanyar Maraɗi?" Na ce can ne. Ta ce, "To, in ka gan su ka gaishe su." Duk wanda ya san Inna ya san wannan ba gaisuwa ba ce.

Mu mutanen Jibiya ne. Inna haifaffiyar Maraɗi ce, aure ya kawo ta wannan ɓangaren, kuma a wajenta Maraɗi ba wata ƙasa ba ce, gida ne da ake zuwa da hantsi a dawo kafin magariba. A daminar 2023, bayan sojoji sun kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, aka garƙame iyaka. Ana cikin wannan hali yayanta ya rasu. Mota ba ta wuce Magama, sai a bayan babur aka bi da ita ta cikin gonakin gero, mace mai shekara sittin da ɗoriya, ta je gaisuwar ɗan'uwanta kamar 'yar fasa-ƙwauri. Ni kuwa a lokacin ina Zariya ina digiri na biyu a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa, ina cika takardu da bayanin amfanin takunkumi. Da na ji yadda ta je ta dawo, sai na ajiye abin da nake rubutawa, na koma kan takunkumin da ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba wa Nijar. Ba zan ɓoye ba, da haushi na fara binciken, kuma da haushin na kama hanya a watan Fabrairun 2025, 'yan makonni bayan fitar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata ranar 29 ga Janairu.

Daga Zariya na shiga mota zuwa Kaduna, na hau jirgin ƙasa a Rigasa. Wanda muka zauna kujera ɗaya da shi wani dattijo ne mai sayar da kayan gini a Dei-Dei, carbi a hannu, waya biyu a aljihu, kowacce ba ta hutawa. Da jirgi ya ɗan miƙa ya tambaye ni sana'ata. Na ce ɗalibi ne. Ya ce na me? Da na faɗa masa sai ya yi shiru, can ya ce, "Wato yadda ƙasashe ke zama da juna shi ma sai an je makaranta? To me ake koya muku da ba a ji a BBC?"

Tambayar ta fi ƙarfin yadda ya yi ta. Na ce masa, Alhaji, ilimin bai tsufa ba. A 1919 aka fara kafa masa kujerar farfesa, a wata jami'a da ke Aberystwyth a yankin Wales na Birtaniya, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye miliyoyin mutane, kuma tambaya ɗaya ce ta haife shi: me ke sa ƙasashe yaƙi, kuma ta yaya za a hana? A gari in an zalunce ka akwai mai unguwa, akwai alƙali, akwai ɗan sanda. A tsakanin ƙasashe babu sarki a kan sarakuna. Daga nan malaman suka rabu. Wasu suka ce duniya kashin dankali ce, babba kan ƙarami, kowace ƙasa kanta ta sani, abin da ke hana faɗa kawai shi ne kar ta san kar. Wasu suka ce a'a, akwai cuɗe-ni-in-cuɗe-ka: in kasuwa ta haɗa mutane, aka yi yarjejeniya, aka kafa ƙungiyoyi irin Majalisar Ɗinkin Duniya, to yaƙi zai zama asara ga kowa. Na baya-bayan nan kuma suka ce abota da gaba ba daga sama suke faɗowa ba, yadda ƙasa ta ɗauki kanta da yadda ta ɗauki maƙwabciyarta shi ke zama gaskiya a tsakaninsu. Alhaji ya ja carbi ya ce, "Na farkon nan su ne suka taɓa zama a kasuwa." Bai ƙara cewa komai ba har muka iso Kubwa, inda na sauka, Kawuna yana jira da mota.

Abin da ya fara ɗaukar hankalina a Abuja, da gari ya waye, sunayen tituna ne. Na sha zuwa garin, amma ban taɓa karanta allunan da idon ɗalibi ba. A Maitama koguna ne: Nilu, Amazon, Mississippi, Danube. A Wuse birane ne, kana fita daga Akara ka faɗa Konakiri. Asokoro kuwa kamar an tara shugabannin Afirka an raba musu filaye: Kwame Nkrumah, Julius Nyerere, Nelson Mandela, Thomas Sankara. Wanda ya raɗa waɗannan sunaye ya san abin da yake yi. Ƙasar da ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga Oktoba 1960, ta 99 a jeri, ta kuma kori jakadan Faransa a farkon 1961 saboda gwajin makamin nukiliya a Sahara, ta daɗe tana kallon kanta a matsayin babbar yaya. Babban ɗakin taron ƙasa da ƙasa da muka wuce ma don taron ƙungiyar haɗin kan Afirka na 1991 aka gina shi, shekarar da gwamnati ta taso daga Legas. Kawu dai ba ruwansa da wannan, shi abin da ya sani kowane titi da irin 'yan sandan da ke tsayawa a kansa.

Ina da takardar gabatarwa daga makaranta, da alƙawarin ganin wani jami'i a wani ofishi da ba zan kama sunansa ba. Ƙarfe goma aka ce. Ƙarfe tara da rabi ina bakin ƙofa, na sha babbar riga. Mai gadi ya karɓi waya, ya ba ni kati na rataya. Sakatariya ta ce oga yana taro. Ƙarfe ɗaya ta ce taron ya koma wani gini. Ƙarfe uku ta ce in bar takardar, za a kira ni. Na roƙi ko da kwafin sanarwar da ta riga ta fita a jaridu, ta ce sai an rubuto a rubuce. Na ce ga shi a rubuce. Ta ce ba wa wannan sashen aka rubuta ba. Kwana biyu na yi ina wannan safa da marwa, kuma har yau ba a kira ni ba.

A yammacin rana ta biyu, da takaici ya ishe ni, na ce bari dai in cika saƙon Inna ko da da ido ne. Na hau tasi zuwa Asokoro, na sauka a titin Yakubu Gowon inda hedikwatar ECOWAS take. Ba ni da alƙawari da kowa a can, don haka daga tsallake na tsaya. Gini ne kamar sauran gine-ginen gwamnati, katanga, tutoci, motoci masu lambar jakadanci suna shiga suna fita. Na so in ƙirga tutocin, amma masu gadi suka fara kallona, na ga gara in yi gaba. Sunan titin ya dace, domin Gowon da Gnassingbé Eyadéma na Togo su suka yi ta yawo ƙasa-ƙasa har aka sa hannu a yarjejeniyar Legas ranar 28 ga Mayu 1975. Kuma Gowon ɗin ne, yana tsoho tukuf, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a Fabrairun 2024 yana roƙon a janye takunkumi kada gidan da ya gina ya rushe a kan idonsa. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 24 ga wata, aka janye. Sabuwar hedikwatar ƙungiyar kuma, a hanyar filin jirgin sama, a lokacin Chaina ce ke gina ta kyauta. Mu da muka karanta darasin kashin dankali mun san babu kyautar da ba ta da igiya.

Na gangara da ƙafa wajen shataletalen AYA, yunwa ta kai ni teburin wani mai shayi. Yana buɗe baki na ji harshen gidan kakannina.

"Mi za a ba ka, Malam?"

Na ce shayi da burodi, sannan na tambaye shi, "Kai mutumin ina ne?"

"Tawa."

Shekararsa goma sha ɗaya a Abuja. Na ce ga ofishin ECOWAS nan kusa da kai. Ya yi dariya yana ɗaga kofi sama yana sheƙa shayi, ya kira ta da sunan da ake kiranta a Nijar. "Sedeyawo? Direbobinsu nan suke shan shayi. Lokacin da ake cewa za a kai yaƙi, wani ya zo ya ce mini, to ɗan Nijar, sai ka haɗa kaya. Na ce in na haɗa, wa zai dafa maka indomi?" Ya ce abin da ya fi ci masa rai a watannin nan ba maganar yaƙi ba ce, aika kuɗi gida ne ya zama wahala, shinkafa da magani suka yi tsada a can, ga duhu, domin Nijeriya ta yanke wuta. Mahaifiyarsa mai ciwon suga ce, allurarta sai da sanyi, firiji kuma ba wuta. Duk da haka, da na ce to sojojin nan fa, ai su suka jawo, sai fuskarsa ta canza. "Malam, wannan maganar diyauci ce. Ƙasa ta ce ta gaji da Faransa, sai ɗan'uwanka ya zo ya kashe maka fitila?"

Diyauci. Kalmar da mutanen Nijar ke faɗa ke nan inda mu muke cewa 'yancin kai ko cikakken iko. Na shekara biyu ina karanta wannan abu da Turanci, ana ce mana asalinsa yarjejeniyar Westfaliya ce ta 1648 da ta kawo ƙarshen yaƙin shekara talatin a Turai, amma ban taɓa jin nauyinsa kamar yadda na ji shi a bakin mai shayin nan ba. Ɗiya kishiyar bawa ne. Wanda ya ce maka diyaucinsa yake karewa, ba lissafin riba da asara yake yi ba, kuma duk takunkumin da aka gina a kan cewa yunwa za ta sa ya juya wa shugabanninsa baya, an gina shi ne a kan rashin sanin mutum. Ban yarda da shi a kan sojojin ba, na kuma gaya masa: mutumin da jama'a suka zaɓa yana tsare, ba shari'a, ba sakin talala. Ya ce, "Wannan kuma gaskiya ne," ya ƙara mini madara. Na tambaye shi ko fitar ƙasarsa ta shafi zamansa a nan. Ya ce har yanzu ba wanda ya ce masa kanzil. Haka ne kuwa, domin a ranar da fitar ta tabbata ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku, a bar su su yi zirga-zirgarsu har sai an ga abin da hali ya yi. Yarjejeniyar 1979 da ta ba ɗan yankin damar shiga kowace ƙasa ya yi kwana 90 ba biza ta fi ƙarfin fushin shugabanni. Ko da yake shi mai shayin ban ga alamar ya taɓa ƙirga kwana 90 ba.

Kawu ne ya fitar da ni kunya. Da daddare na ba shi labarin ofishin da aka wahalar da ni, sai ya ce, "Kai ma dai. Abuja ba a shigarta da takarda, da mutum ake shiga." Akwai wani dattijo da suke sallar asuba tare lokacin da yake zaune a Gwarimpa, tsohon ma'aikacin harkokin waje, ya yi aiki a ofisoshin jakadanci da dama kafin ya yi ritaya. Waya ɗaya Kawu ya buga. Washegari bayan la'asar muna falonsa.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Tashi, ɗana, zauna nan kusa, kunnen ya fara nauyi." Aka kawo kunun aya da dabino. Na fara karanto tambayoyin da na tsara, ya ɗaga hannu. "Ajiye takardar. Kai ɗan ina ne?" Na ce Jibiya. "Uwa fa?" Na ce Maraɗi. Ya yi murmushi. "To ai kai ne abin binciken. Me ka zo nema wurina?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, so nake in gane yadda mutane masu ilimi suka zauna a garin nan ranar 30 ga Yuli 2023 suka ba da wa'adin mako ɗaya, har da barazanar yaƙi, a kan ƙasar da muke da iyakar kusan kilomita 1,500 da ita."

Bai kare su ba, bai kuma bar ni na zage su ba. Ya ce in sa kaina a kujerarsu. Mali an yi juyin mulki a 2020, aka sake a 2021. Gini a 2021. Burkina Faso sau biyu a 2022. Ga Nijar. Kowane shugaba da ke zauren nan yana da masu gadi riƙe da bindiga a ƙofar ɗakin kwanansa, kuma wanda ya kifar da Bazoum shugaban masu gadinsa ne. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai ka san sauran. Ga yarjejeniyar 2001 da suka sa wa hannu cewa ba za a lamunci karɓar mulki da ƙarfi ba. Ga kuma abin da ya faru a Gambiya a Janairun 2017, inda aka ja sojoji zuwa iyaka, Yahya Jammeh ya ga ba sarki sai Allah ya hau jirgi. "Sun ɗauka abin da ya yi aiki a Banjul zai yi a Yamai. Gambiya kuwa loma ɗaya ce. Nijar ta fi Nijeriya faɗin ƙasa." Ya kurɓi kunu. "A aikinmu, barazana bashi ce. Ranar biya tana zuwa. In ba ka da abin biya, kada ka ci. Mako ya cika, sanatocin Arewa suka ce ba da su ba, malamai suka hau mumbari, Mali da Burkina suka ce wanda ya taɓa Nijar ya taɓa su. Sai aka koma naɗe tabarmar kunya."

Maganar wuta ce ta fi ɓata masa rai. Ya ce kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin Nijar daga nan yake zuwa, kuma ba don kirki kawai ba. Kogin Kwara ta Nijar yake biyowa kafin ya iso Kainji, madatsar da aka gama a 1968. Fahimtar da aka daɗe a kai ita ce, mu ba ku wuta, ku bar mana ruwa ya gangaro. "Ranar da ka mai da wannan wuta bulala, ka koya wa maƙwabcinka cewa ya nemi tasa. Suna gina madatsar Kandaji. Ko ba su gama bana ba, za su gama wata rana, kuma ba za su manta ba."

Daga nan hira ta sake hanya, kamar yadda hirar tsofaffi kan yi, kuma nan ne na fi ƙaruwa. Ya tambaye ni daga ina ake fara mana tarihin fannin. Na ce daga Girkawan dā, sai Westfaliya, sai taron Biyana na 1815. Ya ce, "Wasiƙun Bello da Kanemi fa?" Na ce mun taɓa su a darasin tarihi, ba a wannan ba. Ya girgiza kai. Ya tashi da kyar ya ɗauko wani tsohon kwafin Infaƙul Maisuri, inda Muhammadu Bello ya adana musayar da suka yi da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Borno. Kanemi yana tambaya: da wace hujja kuke yaƙarmu alhali muna sallah muna azumi? Sakkwato tana mayar da amsa, hujja bisa hujja. "Wannan ba shi ne abin da kuke kira halaccin yaƙi ba? Ba shi ne tsoma baki a cikin gidan wani ba? Daula biyu, kowacce da malamanta, suna gardama a rubuce kan wa ke da ikon gyara wa wani mulkinsa. In ka canza sunaye, ai takardun Abuja da Yamai ne." Ya kuma tuna mini da Clapperton, Baturen da ya zo Sakkwato a 1824, Bello ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila George na Huɗu. Da ya dawo karo na biyu ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka na Shehun Borno, har da makamai, aka riƙe su, domin ana yaƙi da Borno a lokacin. A Sakkwato ya mutu a 1827. "Ka ga takunkumin makamai ke nan, tun ba a haifi kakan wanda ya rubuta littafinku ba."

Iyakar da ta wahalar da Inna ma ya bi mini asalinta. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a gaɓar tafkin Chadi, ba tare da ɗayansu ya san abin da ke ƙasa ba. A 1898 suka zana baka a kewayen Sakkwato. Sai Faransawa suka tarar hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram ba rijiyoyi, suka dawo teburi a 1904 da 1906 aka turo layin kudu. Wato ƙishirwar raƙuman sojan Faransa tana cikin abin da ya yanke wa zai zama ɗan wace ƙasa. Maraɗi kuwa, sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa zamansu a can bayan jihadi ya fitar da su, shi ya sa har gobe sarautar garin Sarkin Katsina ce. Na san wannan tun ina yaro, amma ban taɓa tunanin yana da gurbi a babin farko na kundina ba.

Ya ce in lura da waɗanda ƙofa ta buɗe wa a watan Agustan 2023. Tawagar farko ta ECOWAS, da Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar a ciki, ta je Yamai ta dawo ba ta ga Janar Tchiani, jagoran juyin mulkin, ba. Ranar 9 ga wata sai ga hoton Muhammadu Sanusi na Biyu zaune da shi, Sarkin Damagaram ya yi masa rakiya. Bayan kwana uku ayarin malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau suka shiga. Sai daga baya, ranar 19, tawagar Abdulsalami ta samu ganinsa, ta kuma ga Bazoum. Na ce, to ai wannan ya nuna zumunci ya fi takarda. Ya ce, "Kada ka yi saurin murna. Rawani ya buɗe ƙofa, amma bai fito da Bazoum ba, bai hana su kafa ƙawancensu na Sahel a watan Satumba ba, bai hana su fita ba. Ɗanjuma da Ɗanjummai ma suna zuwa gaban alƙali kan gado." Ya tuna mini da watan Disambar 2024, lokacin da Tchiani ya yi hira da Hausa yana zargin Nijeriya da haɗa baki da Faransa, Nuhu Ribadu, mai ba shugaban Nijeriya shawara kan tsaro, ya mayar masa da martani da Hausa a BBC. Ƙasa biyu, ɗaya harshen aikinta Turanci, ɗaya ta gaji Faransanci, suna faɗa da harshen da uwayenmu ke yi mana faɗa da shi. Ni abin ya burge ni a lokacin. Shi kuwa cewa ya yi zagi da harshen gida ya fi zafi, don ba tafintan da zai rage masa kaifi.

Kafin magariba na yi masa tambayar da ɗalibai ke so, ko gaskiya ne ofishin jakadanci yankin ƙasar mai shi ne. Ya ce tatsuniya ce. Ƙasar ta mai masauki ce, sai dai yarjejeniyar Biyana ta 1961 ta hana shi shiga ba da izini ba. Shi ya sa jakadan Faransa a Yamai, da aka ba shi sa'o'i 48 ya fita, ya kulle kansa a ciki har wata guda, sojoji suna waje ba su shiga ba. Sai ya kwashe da dariya, ya ce dokar tana da ƙa'idojinta, wanda ya raina su yakan ji kunya, ya kawo labarin Umaru Dikko da aka samu cikin akwati a filin jirgin Stansted a Yulin 1984. Jakar diflomasiyya ba a buɗe ta, amma sai an yi mata alama da takardun da doka ta ce. Akwatin ba shi da su, jami'an kwastan suka buɗe. Aka kira sallah, muka tashi. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Ka gaida mahaifiyarka. Ka ce wani tsoho daga cikin masu laifin ya ce a yi haƙuri." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai kun bar aiki kafin nan." Ya ce, "Ita ba ta san wannan ba."

Ranar da zan koma, Kawu ya ba ni kuɗi in canza zuwa sefa, gudummawarsa ta bikin wata 'yar ƙanwar Inna da za a yi a Maraɗi bayan sallah. Muka biya ta Wuse Zone 4. Tun kafin mota ta tsaya matasa suka yo kanmu, "Alhaji, dala ne ko fam?" Wanda Kawu ya saba da shi, wani Bakano mai faɗin fuska, yana zaune a kan benci da waya a kunne, yana tambayar farashin safiya a Wapa, wani kuma yana karanto masa na Kwatano. Na tambaye shi ko fitar Nijar daga ECOWAS ta taɓa kasuwar sefa. Ya dube ni kamar na tambaye shi ko rana ta fasa fitowa. "Sun fita daga ƙungiya, ba su fita daga kuɗi ba." Gaskiyarsa. Har yanzu sefar da ake bugawa don ƙasashe takwas suke kashewa, wadda aka ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, abin da ya rage na igiyar Faransa da ba a kai ga tsinkewa ba. Ya ƙirgo jikkuna sababbi, ya sa mini a ambulan, ya ce in ɓoye a aljihun ciki.

A jirgin komawa na buɗe kundina na ja layi a kan jimlar farko ta babi na ɗaya, wadda ta fara da 1648. Ban san me malamina zai ce ba, mutum ne mai son a bi tsari. Mun wuce Jere wayata ta yi ƙara. Inna ce.

"Ka gan su?"

Na ce na ga ƙofar gidansu, na kuma ga wani dattijo da ya ce a ba ki haƙuri.

Ta yi shiru kaɗan. "Shi ya rufe hanyar?"

Na ce a'a.

"To me nasa na ba da haƙuri? Kuɗin Kawunka dai ka riƙe su da kyau, ranar Lahadi Ɗan Isa za a kai su, akwai mai zuwa."